Fatar Idon Ƙaton Tagulla

A zamanin da ayarin gishiri ke sauka Katsina da raƙuma dubu-dubu, an yi wani maƙerin fari a birnin mai suna Jatau. Aikinsa zubin tagulla, ba ruwansa da garma ko fartanya. Yakan ƙera siffar abu da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbin da kakin ya bari. A wannan aiki ba shi da na biyu, amma yana da wani hali da ke ƙona wa mutane rai. In ya fasa yumɓu ya ga tabo, ko da bai kai ƙwayar gero ba, sai ya mayar da abin wuta ya sake zubi. Likkafa ɗaya sai ta shiga wuta sau bakwai, mai doki na zaune yana cizon yatsa. Matarsa Yalwa, wadda bakinta bai san tsoro ba, takan ce ita dai tana jiran ranar da zai mayar da tuwonta tukunya don ya ga gudaji.

Wata rana da hantsi wani Buzu ya durƙusar da raƙumi a ƙofar maƙerar, ya kwance wani abu naɗe cikin tabarmi. Wani falle ne na tagulla mai lanƙwasa, ya fi garkuwa biyu faɗi, sai da ƙarti huɗu suka kama kafin ya sauka. Jatau ya ƙwanƙwasa shi da masaba, gudumar maƙera, ƙarar ta tashi ta ƙi sauka, har tattabarun unguwa suka watse.

Maƙeran fari suna da wata ƙa'ida da suka gada kaka da kakanni, cewa ba a narka abin da ba a san sunansa ba. In an kawo maka tsohon ƙarfe, sai ka tambaya mene ne shi a da, tasa ce ko ƙararrawa, domin tagulla ba ta manta siffarta ta farko. Jatau ya san wannan sarai, ya kuma tambaya. Buzu ya ce shi ma a rairayi ya tsinta, tun da ya ɗauko kuwa bai yi barcin kirki ba, a ba shi ko nawa ne ya rabu da jaraba. Wannan maganar kaɗai ta isa mai hankali ya ce a kai kasuwa. Amma ƙarar nan ta riga ta shiga kunnen Jatau, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya saya, ya sassare fallen gunduwa-gunduwa, ya hura wuta.

Shekara guda cur yana cin wannan tagulla. Ya zuba likkafu da tasoshi da ƙararrawa da butoci, kowanne ya narka ya sake, ya narka ya sake, don bai taɓa samun ƙarfe mai biyayya kamarta ba. Da ɗan guntun da ya rage ya zuba wa Yalwa munduwar ƙafa, ya ɗora ƙafarta ta hagu a kan uwar maƙera, ya buga bakin munduwar ya haɗe yadda ake yi. Yalwa ta kwana uku tana neman dalilin zuwa gidajen maƙwabta don a ga munduwar.

Ba a yi wata guda ba kayan suka fara ɓata. Wannan ya zo ya ce likkafarsa ta ɓace daga jikin sirdi, wancan ya ce tasar matarsa ta fita daga ɗaki a kulle. Ana cikin wannan surutu, wata safiya Yalwa ta tashi ta ji ƙafarta ta yi nauyi. Ta duba, sai ta ga fatar da ke kusa da munduwar ta koma ja mai sheƙi. Ta ƙwanƙwasa da ludayi, ta ji ƙara irin ta tasa.

Jatau ya ɗauko magagari ya gurza munduwar tun safe har azahar. Duk inda ya ci, kafin ya ɗaga hannu wurin ya haɗe. Malamai suka yi rubutu, masu magani suka yi turare, tagulla ba ta san ana yi ba. Kullum gari ya waye sai ta hau faɗin yatsa guda. Jatau ya auna da zare daga idon sawu zuwa ƙirji, ya ga kwana sittin ke nan, ya zauna a ƙasa yana kuka. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ga kunya, don ya san hannunsa ne ya jawo.

Yalwa ta ce, "Maigida, tashi, kuka ba ya narka ƙarfe. Ka lura kuwa duk yadda na zauna ƙafar nan sai ta juya arewa? Tafiya take so. Mu bi ta mu ga gidan ubanta."

Suka bi ayari zuwa Agadas, ita a kan raƙumi, shi yana jan akala. Bayan Agadas da kwana shida ƙafar ta karkace ta bar hanya, ta nuna wani wuri da ba rijiya ba itace. Madugu ya yi ta magiya, ya ce ko tsuntsu ba ya bin can. Da ya ga ba za su ji ba, ya ƙara musu salka biyu ta ruwa, ya yi musu addu'ar da ake yi wa wanda ba a sa ran dawowarsa.

Kwana huɗu suna tafe ba su ga mai rai ba, sai wasu sawaye a rairayi kamar na ƙadangaru, dukkansu sun nufi arewa. A rana ta biyar suka ji ƙararrawa na kaɗawa a bayan wani tudu. Da suka hau tudun, Jatau ya saki akala ya yi salati. Ga kayan aikinsa nan na shekara guda a jere suna tafiya da kansu. Likkafu na jan ciki, tasoshi na mirginawa a kan gefe, butoci na tsalle kamar kwaɗi, wata babbar ƙararrawa a gaba tana yi musu jagora. Rana na dukansu suna walƙiya har iyakar ganin ido. Sai Jatau ya durƙusa ya ƙura wa wata likkafa ido.

Yalwa ta ce, "Wallahi in ka ce tana da tabo, da ƙafar nan zan make ka."

Suka bi sahun kayan har suka kai wani dutse baƙi da ya tare gabas da yamma, tsakiyarsa a tsage, faɗin raƙumi ɗaya. Kayan suka shige ɗaya bayan ɗaya. Da mutanen suka matso, tsagar ta fara haɗewa, wani aljani ya fito daga jikin dutsen. Tsawonsa ya kai giginya, gemunsa fari har ƙasa, idanunsa jajur kamar gauta. A hannunsa akwai sanda mai ƙararrawa uku iri ɗaya sak.

Ya ce, "Ya ku 'ya'yan Adam, wannan ƙofa ba ta buɗuwa sai ga wanda ya san muryar mai gidan. Ɗaya daga cikin ukun nan daga jikinsa take. Ku nuna ta ku wuce. In kun kuskure, dutse zai haɗe da ku a ciki, ba ku ne na farko ba."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izinin bugawa."

Ya buga ta farko, ta yi ƙara mai daɗi ta mutu. Ya buga ta biyu, ta yi ƙara ta daɗe, amma can ƙasan muryarta ya ji nauyin dalma. Bai kai ga buga ta uku ba, iskar hannunsa kawai ta taɓa ta, sai ƙafar Yalwa ta amsa da wani amo mai tsawo har raƙumi ya zabura. Aljanin ya sunkuyar da kai ya koma cikin dutse, tsagar ta buɗe.

Bayan dutsen suka tarar da teku, amma na rairayi. Yana tashi yana faɗuwa da igiyoyi masu tsawon ganuwa, yana ruri, ba ɗigon ruwa a cikinsa. A bakin gaɓa ga wani jirgi na farin dutse, kayan tagulla sun riga sun cika cikinsa, matuƙinsa wani ramammen aljani da ya naɗe fuska da baƙin ƙyalle ninki bakwai. Ya ce raƙumi ba ya shiga. Suka ɗaure shi a gaɓa, Jatau ya goya Yalwa da ƙyar, don a lokacin tagulla ta wuce cinya tana neman ƙugu.

Da suka yi nisa jirgin ya fara nutsewa, rairayi na kwararowa ta gefe. Matuƙi ya ce, "Matar nan tana ƙara nauyi. Ku rage kaya, ko na rage mutum." Jatau ya jefa buhun gero, ya jefa takobi da bargo da tukunya. Jirgi bai daina nutsewa ba. Saura jakar kayan aikinsa da salkar ruwa ta ƙarshe. Ya ɗauki jakar zai jefa, Yalwa ta fizge ta, ta tura salkar da gwiwar hannu ta faɗa rairayi. Ta ce, "Mai ƙishirwa yana kai gobe. Maƙeri ba awartaki kuwa me zai je ya yi?" Jirgi ya ɗago.

Rana ta faɗi, amma gari bai yi duhu ba. Wani haske ya taso daga gabansu, yana ƙaruwa, har inuwar jirgi ta koma baya. Suka ja rawani da mayafi suka rufe fuska, suna leƙe ta tsakanin zare. Da farko sun zaci hasumiya ce a kan tsibiri. Da suka matso sai suka ga hasumiyar tana da gwiwa.

Mutum ne na tagulla a tsaye, tun daga yatsun ƙafa har gashin kai. Babban yatsan ƙafarsa ya fi rumbu. Jijiyoyin ƙwaurinsa sun fito ɓaro-ɓaro, ninkin mayafin da ke kafaɗarsa kuwa sai ka rantse iska za ta kaɗa shi. Gajimare na wucewa ta ƙirjinsa. A kansa akwai wani kambi mai tsinaye bakwai, kowanne ya fi mashi goma. Duk jikinsa layi ne siriri na ɗinki, inda aka harhaɗa gutsattsari dubbai. Idonsa na dama a rufe yake kamar na mai barci. Na hagu kuwa a buɗe, ba fata a kansa, kuma daga cikinsa ne hasken nan ke zubowa a kan tsibirin kamar tsakar rana a bazara. Jatau ya dubi idon da ke rufe, ya ga lanƙwasar fatarsa, ya gane abin da ya sassare a maƙerarsa. Ya durƙusa cikin jirgi. 

A gindin ƙaton akwai birni na farin dutse, ba itace ko ɗaya, ba ciyawa. Aljanu suka fito dubbai, duk a rame, idanu jajur, suna tafiya suna layi. Suka buɗe hanya ga shugabarsu, wata doguwar tsohuwa mai alkyabba shuɗiya, wadda suke kira Magajiyar Tsibiri.

Ta ce, "Ya kai maƙeri, kai ne ka narka abin da ba ka san sunansa ba?"

Jatau ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe. Ba ni da ta cewa."

Ta ce, "To ka ji sunansa. Mutanen ƙasar Yunan ne suka zuba wannan a wani tsibirin tekun Rum, suka tsayar da shi a mashigar jirage. Ƙasa ta girgiza ya faɗi, ya daɗe a kwance, daga baya fatake suka sassare shi suka ɗora wa raƙuma suka watsu da shi duniya. Mu muka tsince shi guntu-guntu muka tayar da shi a nan, don ba mu taɓa ganin aikin hannu irinsa ba. Ranar da muka sa masa idon hagu ya haskaka, muka nemi fatarsa muka rasa. Tun daga ranar ba mu ga dare ba. Shekara dubu ba wanda ya runtsa a garin nan. Da ka farfasa fatar muka ji kukanta, muka kira ta, ga ta nan ta zo. Saura abin da miji ya ɗaura wa matarsa da hannunsa, wannan kuwa ba aljanin da ke iya kwance shi. Kwance mana."

Jatau ya sa magagari, a wannan karon munduwar ta yanku kamar sabulu. Ya dubi ƙafar yana jiran ta koma nama. Ba ta koma ba. Tagulla ta riga ta kai ƙugu, tana nan tana sheƙi.

Magajiya ta sa aka kawo wani ma'auni mai girman ƙofar gari. A hannu ɗaya aka ɗora dutsen da nauyinsa ya yi daidai da fatar ido, a ɗayan aka zuba likkafu da tasoshi da butoci da munduwa. Dutse ya rinjaya nesa ba kusa ba. Aljanu suka yi wani gunji, suka ce ɗan Adam ya ɓoye saura.

Jatau ya ce, "Ban ɓoye ba, ranki ya daɗe. Rabon wuta ne. Duk lokacin da tagulla ta narke, wuta takan ci wani abu daga ciki, ya tafi a hayaƙi da toka. Kowane maƙeri ya san haka. Wani sau ɗaya yake narkawa, wuta ta lasa kaɗan. Ni kuwa sau bakwai nake yi."

Magajiya ta yi nuni. Aljanu biyu suka ɗauki Yalwa suka ɗora ta a kan kayan. Ma'auni ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya daidai wa daida.

Ta ce, "Ka gani. Tagulla tana cike giɓinta da abin da ta samu a kusa. Nan da kwana goma sha biyu za ta gama, sai ka narka duka ka zuba mana."

Yalwa ta ce daga kan ma'auni, "Ranki ya daɗe, ai ko akuya za a yanka akan ba ta ruwa tukuna." Aka kawo mata ruwa a ƙoƙo, ta sha, ta miƙa wa mijinta sauran.

Jatau bai sha ba. Ya juya ya fuskanci ƙafar ƙaton, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Ya kai mai tsawo, ni ne na yi maka laifi, ba ita ba. Ina tambayarka, kaurin fatar kake so ko rufin ido?"

Aka ji wani amo ya taso daga cikin ƙirjin tagulla, ƙasa ta ɗauki rawa, ƙura ta zubo daga katangu. Muryar ta fito a hankali, kowace kalma kamar an buga babbar ƙararrawa.

"Ya kai ɗan Adam, waɗanda suka zuba ni sun kira ni da sunan rana, suka yi mini sujada. Ni kuwa ƙarfe ne, Wanda ya halicci rana ya kayar da ni, ban yi gardama ba. Na ga jirage sun zo sun wuce, na ga waɗanda suka yi ni sun zama ƙasa, na ga rairayi shekara dubu. Na gaji da gani. In ka rufe mini ido ruf, tagulla za ta ƙoshi ta saki matarka. In ka bar huda ko ta bakin allura ce, za ta cinye ta."

Jatau ya ce, "Zan zuba ta da abin da ke nan, in rage kauri."

Magajiya ta ce, "Sau ɗaya za ka zuba. In ka sake narkawa wuta ta sake ci, kuma ba sauran abin ragewa."

Aka kai shi wata ƙofa a diddigen ƙaton, ya bi matakala ta cikin ƙwauri da cinya da ƙirji, cikin duhu da zafi, tsakanin ginshiƙan ƙarfe da manyan duwatsun da aka cika cikin da su. Ya fita ta kunnen dama, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka kan kunci. Birnin a ƙasa ya koma kamar an watsa farin wake. Ya shafa fatar idon dama da tafin hannu tun daga wannan kusurwa har waccan, sau uku, ya auna da zare, ya haddace ta a hannunsa.

A inuwar diddige, inda kaɗai kaki ba ya narkewa a tsibirin, ya kafa maƙera. Aljanu suka kawo kakin zuma da yumɓu daga ƙasashe masu nisa kafin ya ƙifta ido. Kwana tara yana murza kaki yana lailayawa har ya koma kamar fatar kalangu, in ka ɗaga kana ganin inuwar yatsunka ta baya. Ya lulluɓe da yumɓu mai laushi, ya ƙara mai kauri, ya bar hanyoyin zubi arba'in da na fitar iska. Yalwa na jingine kusa da shi, tagulla ta wuce cibiya, numfashinta ya fara gajarta. Duk da haka ba ta fasa tsokanarsa ba, sai dai yanzu takan huta a tsakiyar magana.

A rana ta goma ya gasa yumɓu, kaki ya tsiyaye. Nan ya ja Magajiya gefe inda Yalwa ba za ta ji ba. Ya ce mata gurbin ya yi siriri ƙwarai, zafin gawayi ba zai sa tagulla ta bi shi har ƙarshe ba, za ta daskare a hanya ta bar huda. Sai an narka ta a tsakiyar hasken idon, inda ya fi ƙarfi, har ta tsinke kamar ruwa.

Magajiya ta ce, "Ɗaukar tukunya namu ne, zubawa ma namu ne. Amma mu daga wuta aka halicce mu, duk wuta ɗaya ce a idonmu, ba mu san lokacin da ƙarfe ya nuna ba. Da mun sani da ba mu jira ɗan Adam ba."

Ya ce, "Ni zan duba. Launin fuskarta ke faɗa. Takan yi ja, ta yi ruwan ƙwai, sannan wani kore-kore ya gilma a kanta sau ɗaya. A wannan gilmawar ake zubawa."

Ta ce, "Ya kai maƙeri, ɗan Adam bai taɓa buɗe ido a wurin nan ya ƙirga goma ya fita da ganinsa ba."

Jatau yana son idonsa kamar yadda kowa ke son nasa, har ma fiye, don da shi yake ci. Ya waiwaya ya dubi Yalwa, ya daɗe yana kallonta, har ta harare shi ta ce ko ya ga tabo ne. Ya yi dariya, ya ce wa Magajiya a ɗauki tukunya.

Aka kai tukunyar yumɓu tsakiyar fili inda hasken ya fi zuba, inda dutse kansa ya yi laushi. Aka juye kayan a ciki. Likkafu suka lanƙwashe, ƙararrawa ta yi kukan ƙarshe ta nutse. Jatau ya jiƙa rigarsa, ya matso da fuska a naɗe, yana jin ƙarar tafasa. Da ya ji ta canza, ya yi bisimilla ya yaye rawanin.

Tagullar ja ce. Ya ƙirga uku, hawaye na bushewa kafin su zubo. Ta koma ruwan ƙwai. Ya ƙirga bakwai, gefen ganinsa ya fara cinyewa kamar takarda a wuta. Goma ta wuce, sha biyu ta wuce, saura ɗan da'ira kamar bakin ƙoƙo yake gani. Cikin wannan da'irar koren ya gilma.

Ya daka tsawa, "Ku zuba!"

Aljanu arba'in suka zuba a hanyoyi arba'in lokaci guda. Yumɓu ya yi nishi, iska ta fita tana fito. Jatau ya mayar da rawani ya rufe fuska, ya zauna a inda aka zaunar da shi, ya hana kowa taɓa yumɓun har ya huce don kansa, yini guda da rabi. A lokacin Yalwa ta daina magana, tagulla ta kai ƙarƙashin ƙirji. Ya fasa yumɓun da masaba a hankali, ya bi fallen da yatsu tun daga wannan kusurwa har waccan, ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. Ƙarar ta tashi ta ƙi sauka. Ya ce a ɗora.

Aljanu suka tashi sama da fatar suka sa a gurbinta. Tsibiri ya yi tsit. Fatar ta motsa, ta fara saukowa a hankali, haske na janyewa daga kan katangu, daga kan fili, ya koma jan la'asar, ya koma siririn layi, ya ɗauke. Ba huda ko ɗaya. Wata iska mai sanyi ta taso, taurari suka fito. Daga can sama aka ji wata doguwar ajiyar zuciya, muryar ta ce, "Madalla da hannunka, ɗan Adam." Ba ta sake magana ba.

Aljanu suka zube a inda suke, wani a kan matakala, wani a bakin ƙofa, Magajiya a gindin ma'auni da alkyabbarta. Tekun rairayi ma ya kwanta ya yi luf.

Yalwa ta ja numfashi ya cika mata ƙirji. Ta ji wani zafi na sauka daga ƙugu zuwa gwiwa kamar ƙafar da ta yi sanyi ta farfaɗo. Ta tsunkuli cinyarta ta ji ciwo, ta motsa yatsu suka motsa. Ta miƙe ta yi taku ɗaya, ta yi biyu, ta ruga tana dariya tana kuka. "Maigida! Maigida, cire rawanin nan ka duba!"

Jatau ya cire. Ya miƙa hannu yana murmushi, amma ya miƙa shi inda ba ta nan. Ta tsaya cak. Ta matso ta kaɗa yatsu a gaban fuskarsa, idanun na buɗe, ba su bi ba.

Ta ce, "Me ka yi?"

Ya ce, "Zubi na yi."

Ta ruga wurin Magajiya ta girgiza ta, ta ja alkyabbar, ta yi mata ihu a kunne. Ta je ta dinga dukan yatsan ƙaton da hannu biyu tana cewa ya tashi ya mayar wa mijinta abin da ya ɗauka. Ba wanda ya motsa. Barcin shekara dubu ba ya jin kiran mace ɗaya. Ta yi ta yi har muryarta ta dushe, ta dawo ta zauna a gabansa tana shessheƙa.

Ya ce, "Kawo ƙafar."

Ta ɗora masa a cinya. Ya riƙe idon sawun da hannu biyu, ya ji ɗumi, ya ji jijiya na bugawa a ƙarƙashin yatsansa. Ya daɗe a haka bai saki ba.

Da gari ya waye, wayewar farko da tsibirin ya gani, rana ta fito ta gabas ta haska fuskar ƙaton yana barci a tsaye. Jatau ya ji ɗuminta a goshi, ya ce, "Yalwa, ɗaga kai ki duba mini. Ta zauna daidai da ta dama?"

Ta share ido ta duba, ta daɗe tana dubawa, don ta san kallon da take yi na mutum biyu ne, nata da nasa. Ta ce, "Ta zauna, Maigida. Ba mai cewa ba hannu ɗaya ya yi su ba."

Ya gyaɗa kai. Ta rataya jakar kayan aikinsa a kafaɗarta, ta ɗora hannunsa a ɗaya kafaɗar, suka fuskanci kudu inda tekun rairayi ya kwanta har ana iya taka shi. Ta ce, "Taka a hankali, akwai gangare," ta sa ƙafar hagu gaba.